Abin da Ke Zuba a Hanya: Labaran Sin na Zamani a Hannun Mafassara

A shekarar 1945 aka buga fassarar Turanci ta littafin Lao She mai suna Luotuo Xiangzi a Amurka. Labarin wani saurayi ne ɗan ƙauye da ya shigo Beijing yana jan keken ɗaukar mutane, ba shi da wani buri a duniya illa ya mallaki keken kansa. An sa wa fassarar suna Rickshaw Boy, ta kuma yi kasuwa ƙwarai. A shafinta na ƙarshe saurayin ya kutsa gidan karuwai, ya sungumo yarinyar da yake ƙauna, ya fice da ita. Amma a littafin da Lao She ya fara fitarwa a 1936, kafin saurayin, wato Xiangzi, ya isa wurin yarinyar ta riga ta rataye kanta, shi kuma ya lalace, ya koma bin rakiyar gawa yana riƙe wa mutane tuta don 'yan kwabbai. Mai fassarar, Evan King, shi ya ɗinka wa labarin sabon ƙarshe ba tare da yardar mai shi ba. Bayan shekara goma, a 1955, Lao She da kansa ya datse ƙarshen littafin a sabon bugun da aka yi ƙarƙashin mulkin Kwaminis. Suna ɗaya ke nan, littafi uku.

Bahaushen da ke son karanta ƙagaggun labaran Sin na zamani, ta Turanci zai same su, ko ta Faransanci in yana Nijar, ko ta Larabci daga mafassaran Masar. Don haka yana da kyau ya san hannuwan da littafin ya bi kafin ya iso shi, da abin da kowane hannu ke cirewa ko ƙarawa.

Matsala ta farko tana nan tun kafin a fassara kalma guda: wane bugu za a ɗauka? Littafi ɗaya kan fita a babban yankin Sin da gurabun da aka cire, sannan ya fita cikakke a Taiwan ko Hong Kong. Howard Goldblatt, wanda ya fi kowa fassara Mo Yan zuwa Turanci, da ya zo aikin Red Sorghum, wato Jar Dawa, bugun Taipei na 1988 ya bi bisa buƙatar marubucin, domin a nan aka mayar da abin da aka yanke. Littafin Liu Cixin, The Three-Body Problem, ya fara fitowa kashi-kashi a mujalla a 2006 yana buɗewa da tashin hankalin Juyin Al'adu, rikicin siyasar da ya girgiza Sin daga 1966 zuwa 1976. Da aka haɗa shi littafi a 2008 sai aka tura waɗannan babobin can tsakiya don kada su tsone ido. Ken Liu ya dawo da su farko a fassararsa ta 2014, wadda ta ci lambar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya a 2015. A nan fassarar ta fi bugun gida kusa da nufin marubucin, kuma wannan ya isa ya nuna cewa ba kullum mai fassara ke zama ɓarawo ba.

Sai harshen kansa. Adabin Sin na zamani an saba ƙirga farkonsa daga 1918, lokacin da Lu Xun ya buga gajeren labarinsa na littafin tarihin wani mahaukaci a mujallar Xin Qingnian. Kafin nan rubutun da ake girmamawa da tsohon Sinancin malamai ake yinsa, wanda ba mai magana da shi a kasuwa. Lu Xun ya rubuta gabatarwar labarin da wannan tsohon harshe, inda mai hankali ke sanar da mu cewa mahaukacin ya warke har ya tafi karɓar muƙami, sannan ya rubuta maganar mahaukacin da harshen yau da kullum. Ma'anar labarin tana cikin wannan gocewar: harshen masu mutunci shi ke rufe ɓarna, harshen titi shi ke cewa al'ummar tana cin mutane. Mai fassarar da ya zuba sassan biyu cikin murya ɗaya ya kashe rabin labarin. Hausa tana da abin yin wannan aiki, domin muna da Hausar zaure mai cike da Larabci, irin ta wasiƙun alƙalai, muna kuma da Hausar bakin kasuwa.

Aikatau a Sinanci ba ya nuna lokaci. Akwai 'yan ƙananan kalmomi irin le da guo da zhe masu nuna an gama, ko an taɓa yi, ko ana cikin yi, amma marubuci na iya cika shafi ba tare da ya fayyace jiya ne ko yanzu ba. Suna ba ya nuna jam'i dole, kuma ana yawan barin mai aikin ba a ambace shi ba. Hausa kuwa ba ta yarda da haka. Da zarar ka buɗe baki sai ka zaɓa: ya tafi, ta tafi, suna tafiya, yakan tafi. Marubutan da ke shiga tunanin tauraronsu su fita ba sallama, irin su Can Xue, da gangan suke barin wannan hazo, kuma duk jimlar da mai fassara ya rubuta ya yanke hukuncin da marubuciyar ta ƙi yankewa. Kalmar Sinanci ta, a baki ita ce shi, ita ce ita. A rubuce ma harafin mace sai wajen 1920 ya samu gindin zama, ta hannun Liu Bannong. Kalmarsu ta ni kuma tana ɗaukar kai da ke duka. Turanci na iya ɓoye jinsin wanda ake yi wa magana, Hausa ba ta iyawa, saboda haka labarin da ya dogara ga ɓoye ko wane ne ake kira zai fi ba Bahaushe wahala.

Amma a wajen dangantaka, Hausa ce ke da riba, kuma a nan ne asarar bi ta Turanci ta fi ciwo. Basine ba ya cewa ɗan'uwa kawai. Gege wa ne, didi ƙane, jiejie ya, meimei ƙanwa. Jiujiu kawu ne, ɗan'uwan uwa. Gugu gwaggo ce. Bobo da shushu baffanni ne, na farko wan uba, na biyu ƙanensa. Yima inna ce. Turanci yana tattara waɗannan duka cikin kalmomi huɗu ko biyar, sai mai karatu ya rasa dalilin da ya sa wannan ke ba da umarni wancan ke sunkuyar da kai. A littafin Mo Yan mai suna Wa, wanda ya fito a 2009 kan dokar haihuwar ɗa ɗaya, tauraruwar ungozoma ce da mai ba da labarin ke kira Gugu daga farko har ƙarshe. Goldblatt ya bar kalmar yadda take don ba shi da madadinta. Bahaushe zai ce Gwaggo, kuma nauyin kalmar, da ikon da 'yar'uwar uba ke da shi a gidan, duk za su taho tare da ita. Haka ake kiran baƙo baffa ko yaya don girmamawa, haka kalmarsu ta ladabi, nin, ke daidai da ku da muke ce wa babba. Inda Hausa ke gazawa shi ne kakanni: Sinanci na kiran kakannin wajen uwa da kalmar da ke nufin na waje, abin da ke nuna matsayin 'ya mace bayan aure, mu kuwa kaka ɗaya gare mu sai mun ƙara bayani.

Sunan wancan littafi ma darasi ne. Wa da karin sauti ɗaya kwaɗo ne, da wani karin kuma jariri. Littafin ya ginu a kan wannan, har Gwaggo ke jin kukan kwaɗi kamar kukan jariran da ta hana zuwa duniya. Mu da muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya ta hawa da saukar murya ba ma buƙatar dogon bayani kan yadda abin ke aiki, amma wasan kalmar kansa ba ya ƙetare harshe. Zaɓi uku ne kawai: a saka bayani cikin maganar wani tauraro, a yi hashiya a ƙasan shafi, ko a haƙura.

Sunayen mutane sun fi komai rikitar da sabon mai karatu. Sunan dangi ke zuwa farko, saboda haka Yu Hua ɗan gidan Yu ne. Da yawa kuma sunayen alƙalami ne: Lu Xun sunansa Zhou Shuren, Mo Yan sunansa Guan Moye, laƙabin nasa na nufin kada ka yi magana. Wajen rubuta Sinanci da haruffan boko, tsoffin fassarori suna bin tsarin Wade-Giles, sababbi suna bin pinyin da aka kafa a 1958, shi ya sa Lu Hsun da Lu Xun mutum ɗaya ne. Pinyin na yaudarar idon Bahaushe ta hanya ta musamman: q ɗinsu ya fi kusa da c ɗinmu, c ɗinsu ya fi kusa da ts, x kamar sh, zh kamar j. Cixin ya fi kusa da Tsishin a bakinmu. Mutum ɗaya kuma na iya zama Lao Wang, wato Tsoho Wang, ga abokan aiki, Xiao Wang, wato Ƙaramin Wang, ga manyansa, Na Uku ga iyayensa, ban da sunan yarinta.

Tambayar da ta raba mafassara ita ce ko a fassara ma'anar suna. A littafin Yu Hua, To Live, tauraron sunansa Fugui, wato arziki da ɗaukaka, kuma shi ne ya yi cacar dukiyar gidansu ya binne iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, har jikansa Kugen, wato saiwa mai ɗaci. Basine na jin wannan duk lokacin da aka kira sunan. Mai karanta fassara sauti kawai yake ji. A wani littafin Mo Yan an jera 'yan mata masu suna Laidi, Zhaodi, Pandi da sauransu, dukkansu roƙo ne na ƙane ya zo. Wanda ya san abin da Tanko da Kande ke faɗa game da gidan da aka haife su ya fahimci wannan nan take. Anna Holmwood, a fassarar littafin jarumtaka na Jin Yong da ta fito a 2018, ta mai da Huang Rong ta zama Lotus Huang, ta bar Guo Jing yadda yake, kuma masoya littafin sun yi ta ce-ce-ku-ce. A ganina hanyar da ta fi ita ce a bar sunan, a faɗi ma'anarsa sau ɗaya a inda ya fara bayyana, a sa jerin taurari da dangantakarsu a farkon littafi. Fassara suna gaba ɗaya tana mai da mutum kamar ɗan tatsuniya.

Awo da ƙidaya wuri ne da kuskure ke shiga shiru. A awon Sin, li rabin kilomita ne, jin rabin kilo, mu kashi ɗaya cikin goma sha biyar na hekta. Fugui ya koma noman mu biyar na haya bayan gidansu ya mallaki fiye da ɗari. Mu biyar sulusin hekta ne kacal, wanda ya rubuta eka biyar ya ninka gonar sau shida ya rage talaucin. Sinanci na ƙirga da wan, dubu goma, da yi, miliyan ɗari, kuma sifili ɗaya na saurin ɓacewa. A tsohon lissafi jariri na da shekara ɗaya ranar haihuwa, ya ƙara ɗaya a sabuwar shekara, don haka yarinyar da tsohon labari ya ce shekararta 16 tana iya zama 14 ko 15 a namu lissafin. Tsohon jin kuma liang 16 ne, shi ya sa suke cewa rabin jin da liang takwas, abin da mu za mu ce duk kanwar ja ce.

Wannan ya kawo mu karin magana, inda jarabar musanyawa ta fi ƙarfi. Manoman Mo Yan da Jia Pingwa suna magana da wani salo mai ɓari biyu: a kawo hoto, a ɗan tsaya, a faɗi ma'ana. Gunkin laka na haye kogi, ta kansa yake yi. Bebe ya ci maɗaci, yana jin ɗaci ba bakin faɗa. Turanci ba shi da wannan gini, mu muna da shi, sai dai mukan fara da ma'ana mu ƙare da hoto: abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Saboda haka babu dalilin da zai sa a cire gunkin laka a sa karin maganarmu a gurbinsa. A kawo hoton nasu cikin ginin namu. Kunnen Bahaushe zai karɓa. Musanya tana da wuri ne kawai inda hoton ya riga ya mutu a bakin masu shi, ba wanda ke ganinsa kuma.

Karin harshe kuwa kusan kullum yana mutuwa a hanya. Lao She da bakin Beijing yake rubutu, Jia Pingwa da na Shaanxi, Yan Lianke da na Henan. Littafin Yan Lianke mai suna Shouhuo kalmar ƙauye ce sunansa, kuma marubucin ya cika shi da hashiyoyi yana yi wa Sinawa 'yan'uwansa bayanin kalmomin yankin. Da ya isa Faransa sai aka sa masa suna mai ambaton Lenin, Turanci ma ya bi sahu da Lenin's Kisses. Sunan ya fi jan mai saye, amma ya karkatar da ido daga ƙauyen naƙasassu zuwa gawar Lenin da ake shirin sayowa a labarin.

Akwai kuma kalmomin siyasa da Basine ɗan shekara sittin ya sha a nono: makin aiki da ake rubuta wa manomi a gonar gama-kai maimakon albashi, rajistar gida da ke ɗaure ɗan ƙauye a ƙauyensa, tambarin ɗan dama da aka liƙa wa waɗanda aka zarga da sukar jam'iyya a 1957, matasan birni da aka tura karkara, garken shanu da ke nufin ɗakin tsare malamai a Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976. Kamfanonin ɗab'i na kasuwa ba sa son hashiya, suna cewa tana mai da labari littafin makaranta. Sai mai fassara ya cusa bayani cikin jimla, kalma uku nan, huɗu can. In ya iya, ba a gani. In bai iya ba, sai ka ji manomi na yi wa maƙwabcinsa bayanin abin da su biyun suka sani.

Hannun edita ya fi na mai fassara nauyi, ko da yake ba a ganin sunansa a bango. Marubutan Sin sun saba da dogon littafi, editocinsu ba su cika taɓa rubutun babban marubuci ba. Editocin Landan da New York kuwa yanka ne aikinsu. Fassarar Wolf Totem ta Jiang Rong ta fito a 2008 babu nassoshin tarihi da ke buɗe kowane babi, babu kuma doguwar laccar ƙarshe kan halin makiyaya da manoma, wadda ita ce ta jawo mafi yawan gardama a Sin. Mai karanta Turanci ya sami labarin kyarkeci da makiyaya, Basine ya karanta hujjar siyasa. A The Garlic Ballads, edita bai gamsu da ƙarshen ba, Mo Yan ya rubuta sabo. Da yardar marubuci aka yi, wannan ya bambanta shi da abin da aka yi wa Lao She, amma mai karatu ya cancanci a gaya masa.

Wa ke zaɓar abin da za a fassara? Shekaru da yawa gwamnati ce, ta Maɗaba'ar Harsunan Waje a Beijing, inda Yang Xianyi da matarsa Gladys suka fassara Lu Xun da ɗimbin wasu, suka sha ɗaurin shekara huɗu daga 1968, sannan Yang ya kafa jerin Panda Books a 1981. Fassararsu mai amana ce, ba ado. Daga baya kasuwar Yamma ta karɓe zaɓin, ita kuma tambarin an haramta shi a Sin ke sayar mata da littafi. Kowane ɓangare yana tace abin da ya dace da shi, kuma gajerun labarai na rayuwar birni, waɗanda su ne ƙashin bayan mujallun adabin Sin, su suka fi faɗuwa ta tsakiya. Mai neman su ya duba mujallar Renditions ta Hong Kong, wadda ke fita tun 1973, da aikin ƙungiyar mafassara ta Paper Republic. Lambar Nobel ma ta wannan ƙofa take bi: Gao Xingjian a 2000 da Mo Yan a 2012 duk an riga an fassara su zuwa harshen Suwidin, na farko ta hannun Göran Malmqvist, wanda a lokacin mamba ne a cibiyar Suwidin da ke ba da lambar, na biyu ta hannun Anna Gustafsson Chen.

Labaran intanet masu babi dubbai, waɗanda shafuka irin Wuxiaworld suka fara fassarawa tun 2014, yanzu na'ura ke juya da yawansu. Alamominta a bayyane suke: shi ya koma ita a tsakiyar zance, sunan mutum ya zama dutse a wannan babi ya koma suna a na gaba, dubu goma ta zama dubu ɗari.

Mai niyyar kawo ɗaya daga cikin waɗannan labarai Hausa ta hanyar Turanci, kada ya dogara da fassara ɗaya. Ya ajiye biyu a gabansa, zai fi kyau in ɗaya ta Faransanci ce ko Larabci. Duk inda suka saɓa, a nan akwai abin da asalin ya ɓoye. Kafin ya rubuta jimlar farko ya zana jadawalin taurari: jinsi, wa ya girmi wa, dangin uwa ko na uba, sunaye nawa ake kiransa da su. Ya sami mai jin Sinanci ya duba masa waɗannan da awo da karin magana. Masu jin harsunan biyu suna nan, tunda akwai sashen Hausa a Rediyon Sin, ana kuma koyar da Hausa a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijing. Ya fara da gajeren labari, kuma ya tabbatar da haƙƙin mallaka: Lu Xun ya rasu a 1936, amma fassarar Turancinsa tana da nata mai haƙƙi.

Mai karatu kawai kuma, minti biyu sun ishe shi. Ya duba ko an rubuta sunan mai fassara, ko an ce daga Sinanci aka fassara, ko an faɗi bugun da aka bi. Littattafan Sin kan buga adadin haruffansu a shafin bayanan ɗab'i, kuma a ƙiyasin masu sana'ar haruffa dubu kan ba da kalmomin Turanci ɗari shida zuwa bakwai. In lissafin ya yi nisa da kaurin littafin da ke hannunka, an yi yanka. Ga labarin Xiangzi, na 1945 shi ne mai ƙarshen da aka ƙirƙira, na Beijing na 1981 ya bi bugun da aka datse, na Jean James na 1979 da na Goldblatt na 2010 su suka kai babi na 24, inda Xiangzi ke tafe a rakiyar gawar wani, kansa a sunkuye, yana neman guntun taba a ƙasa.